Wa Ya Ce Gyaɗa Algus Ce a Catnin Kwakwa?

Ranar da na fara cin idli, gayansa na ci. A Haidarabad ne, shekarar da na raka yayana jinya, kwana biyu da saukarmu. Yunwa ta fito da ni da sassafe, na tarar da mutane sun yi cincirindo a gaban wani mai sayar da abinci a kan kura, kowa a tsaye da ɗan faranti a hannu. Na nuna da yatsa, aka ɗora mini wasu farare guda uku masu kama da masar da ba ta ga mai ba, aka kwarara wani abu mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, a gefe. Da yake cikin baƙo matsoraci ne, sai na kauce wa abin gefen, na gutsiri farin na kai baki. Lami. Ba mai, ba yaji, sai ɗan tsami can ƙasa. Na ce a raina, yanzu a kan wannan mutanen nan suke turereniya?

Mai kurar ya dube ni, ya kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka gane e ce ko a'a, ya yi mini nuni in dangwala. Na dangwala. Abin da ya fara isa harshena gyaɗa ce, soyayya, irin wadda ƙamshinta ke cika gidanmu ranar tuyar ƙuli-ƙuli. Garɗin kwakwa ya biyo, sannan tsamiya, barkono kuwa sai da na haɗiye ya yi sallama. Na ƙara uku, na sa aka ƙulle wa Yaya nasa. Da ya ɗanɗana sai ya ce, "Kai Malam, wannan ai kwaɗo ne aka manta da ganyen."

Sunan abin catni. Kalmar daga Hindi ta fito, kuma tushenta ɗaya da kalmarsu ta lasa, wato abin da ake tanɗewa. Mutanen kudancin Indiya suna da nasu sunayen: masu harshen Telugu kan ce pachadi, na Kerala kan ce chammanthi. Mu da muka haddace jaruman finafinan Telugu da Tamil ta hanyar fassarar Hausa, mun san yadda mutum ɗaya ke watsa ƙarti goma a tashi guda, amma ba mu san abin da yake karyawa da shi ba. To ga shi. Idli ƙullun shinkafa ne kashi uku ko huɗu, da kashi ɗaya na wani ɗan ƙaramin wake mai baƙin ɓawo da farin ciki da suke kira urad, da 'yar hulba. A jiƙa, a markaɗa, a bar shi ya kwana ya tashi, da safe a turara shi minti goma. Dosa ƙullu iri ɗaya ne, sai dai shimfiɗa shi ake yi siriri a kan kasko har ya yi ƙaras-ƙaras. Vada ɗan'uwan ƙosai ne mai huda a tsakiya. Pongal shinkafa ce da wake da aka dafa luguf da man shanu da masoro. Kusan dukkansu da gangan aka bar su ba hayaniya, domin an san akwai mahaɗin da zai yi magana a madadinsu. A Bangalor akwai wani tsohon shago, Brahmin's Coffee Bar, da ko romon sambar da ake ba da idli da shi a ko'ina ba ya bayarwa. Catni kaɗai ne, kuma layi ake bi.

Da na ɗan daɗe a ƙasar sai na gane ashe wannan ɗan abin da ke gefen faranti akwai gardama a kansa. Akwai masu ganin catnin gaskiya na kwakwa ne zalla, fari tas, wanda aka kankare da safiyar nan. A wurinsu duk wanda ya zuba gyaɗa a ciki ko dai rowa ce ta kama shi, ko kuwa kwakwar ce ta fi ƙarfin aljihunsa. Ita gyaɗa ma a Indiya laƙabinta kashun talaka. Kwakwa kuwa 'yar gata ce: ita ake fasawa a ɗakunan ibadarsu, da ranar aure, da ranar da aka sayi sabuwar mota. Ni ban yarda da masu wannan ra'ayi ba, kuma ba don ni ɗan ƙasar gyaɗa ne kawai ba, ko da yake an ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

A fara da ƙasar kanta. Kwakwa 'yar bakin teku ce da wuraren da ruwa ya wadata. Kerala da gaɓar Karnataka da yankin Pollachi na Tamil Nadu da gaɓar Andhra su ne gidanta, kuma jihohin nan huɗu na kudu su ke noma kusan duk kwakwar Indiya. Amma da zarar ka bar gaɓa ka hau tudun Dekan, ƙasa ta sauya. Gundumar Anantapur da ke yankin Rayalaseema ba ta samun ruwan da ya kai milimita 600 a shekara, kusan irin na Maraɗi, kuma abin da ya riƙe manomanta shi ne gyaɗar damina. A can ana tuƙa tuwon tamba, suna kiransa ragi sangati, a ci shi da catnin gyaɗa. A arewacin Karnataka gurasar dawa suke yi, su haɗa ta da dakakkiyar gyaɗa da barkono da tafarnuwa, abin da in ka ajiye shi kusa da yajin ƙulinmu sai ka yi da gaske za ka bambance. Mutumin da ya tashi a irin wannan ƙasa bai sa gyaɗa a catni don ya rasa kwakwa ba. Gyaɗar ce tasa, kwakwar ce baƙuwa da ke zuwa a mota daga nesa.

Sai batun asali, wanda masu cewa "haka muka gada" suke jingina da shi. Masanin tarihin abincin Indiya, K. T. Achaya, ya nuna cewa an ambaci kakan idli a wani littafin harshen Kannada na wajen shekarar 920. A lokacin babu ko ƙwayar barkono ɗaya a duk faɗin Indiya. Barkono ɗan nahiyar Amurka ne, bai iso ba sai bayan da Vasco da Gama ya sauka a Kalikut a 1498, Turawan Fotugal kuma suka kama Gowa a 1510. Kafin nan masoro ne ke ba su zafi. Ita ma gyaɗa daga Amurka ta Kudu take, wajejen Boliviya da Faragwai, jiragen Fotugal da Sifen ne suka yaɗa ta duniya, har da nan wurinmu. Harsunan kudancin Indiya ma ba su ɓoye ba: a Kerala ana kiranta kappalandi, ƙwallon jirgin ruwa, a Tamil kuma akwai masu ce mata manila kottai, ƙwallon Manila. Tsamiyar da ke ba catnin tsami, wadda Larabawa suka raɗa wa tamar hindi, dabinon Indiya, masana tsirrai sun ce asalinta Afirka ne. To in za a kori gyaɗa daga faranti don baƙuwa ce, sai a haɗa ta da barkono su fita tare, a ga abin da zai rage.

Wani abin dariyar shi ne, farin catnin da ake tinƙaho da shi a Tamil Nadu shi ma ba kwakwa ce zalla ba. Kusan kowane gida na zuba masa wani soyayyen wake mai saurin narkewa da suke kira pottukadalai. Dalilin a fili yake. Kusan rabin ɗanyar kwakwa ruwa ne, sauran kuma mai ne da tuƙa. In ka markaɗa ta ita kaɗai ka sa ruwa, ba a jimawa sai ta rabu gida biyu, ruwa ya gudu gefe, tuƙa ta zauna a tsakiya. Dole sai an sami abin da zai riƙe su. Aikin da soyayyen waken ke yi ke nan, aikin kuma da gyaɗa ke yi, sai dai ita ta zo da nata ɗanɗanon, shi kuwa ya zo hannu rabbana. Ga kuma zancen ƙoshi. Kashi 25 cikin 100 na gyaɗa sinadarin gina jiki ne, na ɗanyar kwakwa bai wuce 3 ko 4 ba. Ɗan ƙwadagon da zai karya da idli huɗu ya yini yana ɗaukar bulo, ludayin catnin gyaɗar nan ba ado ba ne a wurinsa.

Zan ba masu kwakwa nasu haƙƙin. Chammanthin Kerala, wanda ake niƙawa a dutse da ƙananan albasa da busasshen barkono, ba a sa masa ruwa sai yayyafi, a dunƙule shi kamar ƙwallo, ba ya bukatar gyaɗa, kuma sa ta ɓata shi ne. Gaskiya ne kuma gyaɗa ba ta da kunya: in ka sake ta yi yawa sai ta danne kowa, kwakwar ta zama 'yar rakiya. Shi ya sa na fi son ma'aunin kashi biyu na kwakwa da ɗaya na gyaɗa. Algus na ainihi kuwa na gan shi a wasu gidajen abinci, kuma ba gyaɗa ba ce, ruwa ne. Da kwakwa ta yi tsada sai catni ya tsinke har ya zama kamar farau-farau. Masu ci sun san wannan, shi ya sa a Tamil Nadu za ka ji mutum ya ce a kawo masa getti catni, wato mai kaurin da ba a kai ga tsinkawa ba.

Wadda ta koya mini yinsa maƙwabciyarmu ce a gidan da muka kama haya kusa da asibitin, wata dattijuwa 'yar asalin Anantapur. Da hannu ta koya mini fiye da baki, don Turancinta da nawa ba su cika haɗuwa a hanya ba.

Ba ta taɓa ɗora gyaɗa a wuta ba sai ta baza ta a faranti ta tsince. Duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ta tsage ta yi fumfuna, a waje. Da farko na ɗauka tsabar tsantseni ne irin na tsofaffi, amma tana da hujja. Fumfunar da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. An gano ta ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Tsincewar nan ta minti biyar ita ce rigakafin da ke hannun mai girki.

Daga nan sai suya, kuma a nan ne kusan duk aikin yake. Rabin gwangwanin madara na gyaɗa, kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, hannu ba ya barin juyawa. Kimanin minti goma, har ɓawon ya fara tsagewa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ƙamshi ya tashi. Wutar gaggawa kan ƙona bayan ta bar cikin ɗanye, kuma ɗanyar gyaɗa gafi gare ta, wanda duk yawan barkono da tsamiya ba za su rufe shi ba. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta hura ta tauna. In ta ce ƙaras, ta yi. In ta yi danƙo a haƙori, a ci gaba. Sannan a juye ta a faranti ta huce sarai. Wannan ya ba ni mamaki har sai da na tuna da matan garinmu masu ƙuli-ƙuli, waɗanda ke zuba wa tunkuza ruwan zafi suna juyawa don mai ya fito. Zafi ne ke fitar da man. A catni akasin haka ake nema, ana son man ya tsaya a cikin gyaɗar ya ba ta laushi. In ka markaɗa ta da zafinta za ka ga mai ya taso yana ƙyalli, abin ya yi nauyi a baki. Da ta huce sai a murje a fece ɓawon. Ita takan bar kaɗan, ta ce ɗan ɗacinsa na da amfani.

Kwakwa kuma wadda ta ƙosa ake so, wadda in ka girgiza za ka ji ruwa na motsi. A kankare farin kawai, kada a kai ga jar fatar da ke manne da ƙoƙon, gwangwani ɗaya. Sai ɗanyen barkono kore biyu ko uku, ɗanyar citta kamar gaɓar yatsa, tsamiyar da aka jiƙa ita ma kamar haka, da gishiri. Mutanen Andhra kan ƙara tafarnuwa, gidajen Brahman da yawa kuwa ba sa kusantar ta. A fara markaɗawa ba ruwa, sannan a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Na idli ya ɗan fi ruwa, don idli shanyewa yake yi kamar soso, na dosa kuma ya fi kauri don kada ya kashe masa ƙaras ɗinsa. Akwai wata 'yar dabara a kan ruwan: man kwakwa na daskarewa in zafi ya sauka ƙasa da digiri 24. Don haka lokacin zafi ruwan sanyi ake sawa kada injin ya ɗumama shi, lokacin sanyi kuwa mai ɗan ɗumi, in ba haka ba sai ka ga man ya yi gudaji ya manne a jikin bilanda.

Mataki na ƙarshe bai kai minti ɗaya ba, amma shi ne sa hannun kudancin Indiya a kan kusan duk abin da suka dafa. Masu Telugu na ce masa popu, masu Kannada oggarane. A zuba mai ƙaramin cokali biyu a ɗan ludayin ƙarfe, ya yi zafi. A jefa rabin cokali na ƙwayar mastad, a jira ta fara fashewa tana tsalle, domin wadda ba ta fashe ba ɗaci take yi. Sai rabin cokali na waken urad har ya yi ja-ja, sai busasshen barkono ɗaya da aka karya, sai ɗan mitsitsin wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira hing, Larabawa kuma hiltit. Ganyen kori shi ne na ƙarshe, yana shiga mai zai yi ƙara, sai a sauke a juye a kan catnin, ya ce cuuu. Wanda ya juya baya don ɗauko murfi ya dawo ya tarar da gawayi. Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne. Man gyaɗar da ake soyawa da albasa a kwarara a kan ɗanwake ko garau-garau, ai ita ce. Bambancin kawai su sun tara wa man jama'a.

Dattijuwar tana da dutsen niƙa da ta taho da shi daga ƙauye, amma bilanda take amfani da ita, tana yi tana mita cewa dutse ya fi. Na yarda da ita rabi. Dutse murƙushewa yake yi a sanyaye, injin kuwa yanka yake yi yana zafi. Sai dai waɗanda suka fi kewar dutse galibi ba su ne suke durƙusawa a kansa da asuba ba. A Coimbatore aka ƙera injin markaɗen ƙullu mai aiki da lantarki a shekarun 1950, duwatsu ne a ciki lantarkin ke juya su, kuma ya 'yantar da hannuwan mata da yawa. Abin ya kai har siyasa ta shiga. Bayan zaɓen 2011 gwamnatin Jayalalithaa a Tamil Nadu ta raba wa mata bilanda da injin markaɗe da fanka kyauta, a 2013 kuma ta buɗe gidajen abinci masu rahusa inda ake sayar da idli ɗaya rufi ɗaya. Jihar da ake neman ƙuri'a da injin markaɗe, ka san karin kumallo ba abin wasa ba ne a cikinta.

Raunin wannan catni ɗaya ne, ba ya jira. Ɗanyar kwakwa da ruwa a cikin zafi, wanda aka yi da bakwai na safe kafin azahar ya fara juyawa. Na gyaɗa zalla ya fi juriya, amma da zarar kwakwa ta shiga, agogonta ake bi. Shi ya sa suke yin daidai cin safiya, gobe a sake.

Wata rana a hanyar fita daga Haidarabad aka nuna mini Patancheru, hedikwatar cibiyar ICRISAT da aka kafa a 1972 don binciken amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa: gyaɗa da dawa da gero da wasu wake. Cibiyar nan tana da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai, tana da ofis a Kano, kuma da haɗin gwiwarta da cibiyar binciken noma ta Samaru aka fitar da wasu daga irin gyaɗar SAMNUT da manomanmu ke shukawa. Mu da muka taɓa tara buhunan gyaɗa dala-dala a Kano kafin fari da cutar 1975 su karya noman, mun fi saninta a matsayin abin matsewa a sayar da mai. Kwaɗon zogale da na rama mun bar su a matsayin abincin marmari ko na ranar babu, ba ka ganinsu a teburin manyan gidajen abinci. Mutanen Indiya kuwa ɗan'uwan kwaɗon ne suke ɗorawa a gaban attajiri da ɗan dako da safiya ɗaya.

Da muka dawo gida na ƙudurta sai na gwada, kuma ban sha wahalar neman abin ci da shi ba. Suna da wani abu, paniyaram, ƙullun idli ne da ake soyawa a kasko mai ramuka, wanda in ka ajiye shi kusa da tandarmu ba ka ce ba maƙeri ɗaya ya yi su ba. Masa ce kawai, da sinasir a matsayin ɗan'uwan dosa mai kauri. Gyaɗa da tsamiya da citta da barkono duk suna cikin gida, kwakwa tana bakin titi a baro. Ƙwayar mastad na taho da ita a jaka. Ganyen kori ne ya gagara, domin wanda ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu dangin ɗaɗɗoya ne, nasu kuwa ganyen wata bishiya ce daban, kuma ƙamshinsu bai haɗa hanya ba. Sai na bar shi, na soya 'yar albasa a madadinsa.

Ranar wata Juma'a na aika aka sayo masa mai zafi, wadda ba a barbaɗa wa sukari ba, na kai wa Inna har ɗaki da catnin a 'yar tasa. Ta dube shi, ta dube ni, ta gutsiri masa ta dangwala. Ta yi shiru. Ta sake dangwalawa.

"Ɗan nan, wannan ne abin da ka je har Indiya ka koyo?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Ta tauna a hankali, ta jawo tasar kusa da ita. "Kwakwar ta zauna da kyau," in ji ta. "Amma gyaɗarka ba ta soyu ba. Wuta ka cika mata."